Shekarar da Na Koyi Rowa

Hanan, babanki ya ce shekara ashirin da tara ba lokacin rubuta tarihi ba ne, wai in bari sai na yi furfura. Ni da layin bas ma da ƙyar nake tsayawa, ina zan iya jiran furfura? Kuma shi ne ya ja na zauna nake wannan rubutu. Duk ranar da aka yi baƙi a gidan nan sai ya gyara zama ya kawo labarin yadda Kulu ta kusa kashe tsohuwar Baturiya da burodi, a yi ta dariya, ke kina kan kafet kina ji. Yanzu shekararki biyar, Hausar ma ji kawai kike yi ki mayar da Turanci. Amma wata rana za ki iya karatu, to ga yadda abin ya faru daga bakin mai shi.

Na zo London da auren wata bakwai, babanki yana karatu. Ɗaki ɗaya muka samu a Barking, a gidan Mma Adiza, mutuniyar Kumasi da ta daɗe a garin nan har ta san lambar kowace bas da ka. Hausarta ta zango ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne a wurinta. Wata biyu na yi ina zaune ina kallon bango, har na fara neman faɗa da babanki a kan inda ya ajiye cokali. Da ta gaji da jin muryata, sai ta kai ni agency ɗin da take wa aiki, masu tura mata gidajen tsofaffi su yi musu wanka, su ba su magani da abinci. Ranar da zan fara ta tare ni a bakin ƙofa.

"Kai yarinya, ka na da ƙarfi, amma ka na da gaggawa. Tsoho ba ya son gaggawa. In ka shiga gida, ka aje agogo a waje."

Na ce to. Ban ajiye ba.

Gidan farko a kowace safiya shi ne na Norin, a Dagenham, cikin jerin gidajen nan masu manne da juna. 'Yar Ostireliya ce, ta zo a jirgin ruwa tana budurwa, ta auri wani ma'aikacin kamfanin motoci, ta haifi 'ya ɗaya, mijin ya rasu ya bar ta a gidan da suka shekara fiye da hamsin. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke mata hannun dama, ya ɗauke magana. Hankalinta garau, idonta kamar na shaho, amma kalma biyu kawai suka rage a bakinta: "no", da wani zagi da ba zan rubuta miki ba. Kullum tana kan kujerar mijinta a bakin taga. 'Yarta Keti tana aiki a Leeds, sai Juma'a da rana take zuwa ta koma da yamma. Ta manna takarda a jikin firij: shayi da madara ba sukari, gasasshen burodi yanka biyu, bota, da abin cikin kwalba mai rawayan murfi. A ƙasa ta ƙara da cewa wannan ne kaɗai abincin da mamanta ke ci da gaske, na rana da na dare tsakura kawai take yi.

Kin san kwalbar, ita ce kike ihu a kanta kowace safiya. Sunan yana jiki, kin fi ni iya faɗarsa, ni dai kwalta nake ce masa. Ranar farko da na buɗe na ga abu baƙi ƙirin, yana ƙauri kamar daddawar da ta kama a gindin tukunya. Da na koma gida na tambayi Mma Adiza.

"Wannan? Gindin giya ne. In sun gama dafa giya, abin da ya kwanta a ƙasa shi suke kwashewa. Ka shafa mishi, aikin ka ne, amma kar ka sa a baki."

Daga ranar nake riƙe wuƙar kamar mai ɗauke da mushen ɓera, in na gama in wanke hannu har gwiwa.

Yanzu sai kin san gidan da na fito kafin ki gane wautata. Innata, kakarki, abinci take sayarwa a tashar Funtuwa tun kafin a haife ni. A gidanmu za ki iya zagin mutum da komai ya haƙura, amma ban da rowa. Inna takan ce in za ki zuba wa mutum mai a wake, ki zuba har shi ya ji kunya ya ce ya isa. In baƙo ne a ƙara, in marar lafiya ne a ninka. To sai ga ni gaban tsohuwa, ita kaɗai a gida, ba jika, ba maƙwabciya mai leƙowa, 'yarta ma sai sati sati. Na ce a raina, mutanen nan sun yi mata rowar komai, ni ba zan yi mata ba. Sai in zuba wuƙa cikin kwalbar in kwaso, in laƙa wa burodin nan kamar mai yaɓen ɗaki, kaurin ɗan yatsa, daga kusurwa zuwa kusurwa. In ajiye mata ina jin kaina, ga 'yar gidan mutunci ta zo.

Ta kalli farantin, ta kalle ni, ta ture da hannun hagu.

"No."

Washegari haka. Na ce ko burodin bai gasu ba, na ƙara masa wuta. Na ce ko ya gasu da yawa, na rage. Na canza fari da ja, na yanka shi huɗu, na canza faranti. Komai na taɓa ban da kwaltar, don ko a mafarki ban taɓa tunanin yawan alheri zai zama laifi ba. Kuma minti arba'in da biyar gare ni a gidan: wanka, sutura, magani, karin kumallo, sannan in ruga bas zuwa gida na biyu. In ta ture sau biyu, sai in juye a shara, in wanke faranti, in rubuta a littafin aiki cewa ta ƙi ci. Ran Lahadi wata ce ke zuwa, ita kunun Turawa take dama mata, wanda dama Norin ba ta sha. Akwai safiyar da ta miƙa hannun hagu ta cafki wuƙar, ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa, ta saki zagin nan nata. Na ɗauka rikicin tsufa ne, na kwashe wuƙaƙen na kai can saman kabad. Duk abin da na yi a gidan nan, wannan ne har yau in na tuna nake jin zafi a ƙirjina. Baiwar Allah so take ta kankare abincinta ta ci, ni kuma na ɓoye mata wuƙa.

Sati uku aka yi a haka. Siket ɗinta ya fara juyawa a ƙugu, zoben aurenta yana zamewa in ina wanke mata hannu. Ranar wata Juma'a Keti ta shigo jirgin ƙasa na sassafe don ta haɗu da nas ɗin da ke zuwa auna nauyin Norin. Suka tsaya a kicin, ƙofa a buɗe, suna magana kamar tsohuwar kujera ce ba mutum ba. Na ji Keti tana cewa likita ya ce mai yiwuwa ciwon ya taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ba ta son abinci. An sami gurbi a wani care home, gidan kula da tsofaffi, Laraba ta sama za a kai ta. Ni ina falo ina taje mata kai. Ta ji komai. Ba ta yi kuka ba, ko "no" ɗin ba ta ce ba. Hannun kujerar kawai ta damƙe, har yatsunta suka yi fari.

Da rana ina tashar bas na kira Inna, don abin ya tsaya min a rai. Na ba ta labari, ina jira ta ce Allah sarki. Inna ba ta ce Allah sarki ba.

"Me kike ba ta?"

"Abin da 'yarta ta rubuta."

"Yaya ɗanɗanonsa?"

Na hau laluben katin bas a jaka.

"Kulu, da ke nake."

"Inna, ai ban taɓa ci ba. An ce da gindin giya ake yi."

"La'ilaha illallahu! Sati uku kina ajiye wa baiwar Allah abin da ba ki sa a harshe ba? Ke a gidan wa kika tashi? Ni ko shinkafa fara ban taɓa saukewa ban ɗanɗana ba. In haramun ne ki je ki tambayi masu sani. In ba za ki iya ci ba ki nemo mai ci ya ɗanɗana miki. Kin je Ingila kin koyo ciyar da mutane da ido!"

Ni ba na kwana da abu. Kafin la'asar na sayi kwalba ɗaya a shago, na nufi flat ɗin Malama Safiya, wadda ke koya wa mata karatu ranar Asabar, kuma harhaɗa magunguna ta karanta a Zariya. Ta sa tabarau, ta juya kwalbar, ta karanta ƙananan rubutun nan tas, ta buɗe ta shinshina.

"Yis ne, ɗan'uwan wanda kike sawa a fanke. Ko daga ina aka samo shi, an tace an dafe, babu abin maye a ciki. Ko kwalba goma kika shanye, babu inda za ki nufa sai famfo."

Da na faɗa wa Mma Adiza, ta taɓe baki ta ce Malama ya faɗi nashi, amma ita ba ta ci.

Asabar da safe na gasa burodi, na laƙa masa kwalta yadda na saba, na jawo kujera na zauna gaban Norin. Ta ɗaga hannu za ta ture, na ce a'a, yau nawa ne. Na yi bismillah na gatsa rabi. Hanan, kamar an daka dunƙulen miya goma da daddawa da kanwa an cusa min a baki. Hawaye suka zubo, kunnena ya yi zafi, harshena ya ƙanƙance. Ba a tofar da abinci gaban babba, haka na rufe ido na haɗiye. Da na buɗe ido sai na ga Norin tana dariya. Rabin fuskarta ne kawai ke motsi, amma dariya ce sosai, tana dukan hannun kujera, tana nuna ni da yatsa. Ta saki zagin nan, amma ranar da daɗi ya fito. Na durƙusa a gabanta, Turancin ya gudu, da Hausa na ce,

"Kaka, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba."

Na ɗauko abin gasa burodi da bota da kwalbar na jera a ƙaramin tebur kusa da ita, na sauko da wuƙa daga saman kabad. Na riƙe wuƙar, ita ta riƙe wuyan hannuna. Bota tukuna, tun burodin na da zafi, har gefe, ya narke ya shiga ciki. A nan ba ta yarda da rowa ba, sai da ta mayar da hannuna sau biyu. Sannan ta kai ni bakin kwalbar, tsinin wuƙar kawai ya taɓa, abin da bai fi kwallin ido ɗaya ba. Ta ja hannuna nan da can, ana ganin botan ta ƙarƙashi, wani wurin ma ba a taɓa ba. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, na yunƙura zan koma kwalbar, ta ɗalle ni. Wallahi kunyar miƙa mata na ji, kamar na yi wa baƙo miya ba mai. Ta cinye yanka biyu, ta ɗaga yatsa ɗaya, na ƙara mata na uku. Na yi wa kaina irin nata na ci, sai ga abu mai daɗi, gishiri-gishiri, da wani ɗanɗano can ƙasa kamar romon da ya daɗe a wuta. Ranar bas biyu suka wuce ni.

Satin nan makaranta na shiga. Ta nuna firij, in buɗe, ta yi ta "no" har in taɓa abin da take so. Haka na koyi ɗora yankan cuku a kan kwaltar a mayar wuta ya narke. Na koyi dafa ƙwai ruwa-ruwa, a yanka burodin dogo-dogo ana tsomawa a gwaiduwa. Na koyi murje piya a kai. Ran Laraba na ce to yau kuma tawa za a ci, na kawo gurasar da na yi, na shafa bota, na nuna mata kwalta kaɗan, na barbaɗa yaji. Ta yi atishawa uku, ta cinye. A gida kuma daddawarmu ta ƙare, na ɗebi kan ƙaramin cokali na sa a miyar kuka, na rage gishiri. Babanki ya suɗe kwano yana tambaya wa ya zo daga gida. Duk wata baƙuwa da ta tambaye ni yau, abin da nake ce mata ke nan: ki ɗauke shi kamar daddawa, kar ki ɗauke shi kamar tunkuza, kuma ki sa a harshenki kafin ki ba wani.

Amma Laraba ta sama tana nan tana matsowa. Ran Alhamis bayan magariba na ce wa Mma Adiza da babanki zan faɗa wa Keti gaskiya. Mma ta ajiye ludayi.

"Ya fara ci, ko? To ka rufe baki. Ka ce Allah ya kawo sauƙi. Turawa in ka ce musu laifi na ne, takarda suke rubutawa, kuma takarda ba ya mutuwa. Ni na kai ka wurin nan, suna na ne a kai."

Babanki ya ce, "Kulu, ki yi tunani. Aikinki na farko ke nan a ƙasar nan. Duk inda kika nema nan gaba, su za a tambaya."

Ba zan yi miki ƙarya ba, na so in yi shiru. Na ce musu in ma'auni ya nuna ta ƙaru, bakina alekum. In bai nuna ba, zan faɗa.

Ran Juma'a Keti ta sake zuwa da sassafe, nas ta auna Norin, bai nuna ba. Kwana shida ba sa mayar da abin da sati uku suka cinye. Keti ta duba littafin aiki ta ga an rubuta ta ci, ta ci, ta ci, ta yi min godiya, sannan ta ce likita dama ya faɗa mata za a riƙa samun ranaku masu kyau, kar su ruɗe ta, ta riga ta sa hannu. Na shiga kicin, na gasa yanka ɗaya, na yaɓe shi irin yaɓena na da, na kawo na dire a gabanta.

"Wannan nake ba mamanki sati uku. Bismillah, ci."

Ta kalli burodin, fuskarta ta yi ja har wuya.

"Kina da hankali kuwa? Kin san gishirin da ke cikin wannan? Mace mai hawan jini!"

"Yanzu na sani."

"Me ya hana ki tambaya?"

"Ke me ya hana ki rubutawa? Cewa kika yi a shafa, ba ki ce a nuna wa burodin kwalbar daga nesa ba."

Bai kamata in faɗi wannan ba, amma bakina ya riga ni. Na ja numfashi na ce,

"Laifina ne, ni ce ban ɗanɗana ba. Ki sa a kore ni in kin ga dama. Amma kar ki fitar da ita daga gidanta saboda wautata. Babu abin da ya sami ƙwaƙwalwarta. Duk cikinmu ita kaɗai ta san abin da ke faruwa, mu ne ba mu tsaya mun saurara ba."

Nas ɗin ta rufe jakarta a hankali, ta ce in haka ne, ita tana ganin a ƙara wata ɗaya a gani. Keti ta je ta tsuguna gaban kujerar, ta ce, "Mama, haka ne?" Norin ta dube ta tsawon lokaci, sannan ta gyaɗa kai.

Kafin in kai tashar bas Keti ta kira agency. Aka cire ni daga gidan, aka ba ni takardar gargaɗi, aka mayar da ni horo na kwana biyu tare da sababbin shiga. Wata ɗaya da rabi sai ragowar shift ɗin da kowa ya ƙi ake ba ni. Mma Adiza ta yi kwana takwas ba ta amsa gaisuwata, labari kuma ya zaga matan Barking har da ƙari. Abu ɗaya na roƙa aka yi min: ranar Litinin in je in nuna wa wadda za ta gaje ni, wata 'yar Eritiriya mai suna Salam. Na yi yanka biyu, nawa na da da na Norin, na tsaya a kanta sai da ta gatsa kowanne. Da zan fita Norin ta kama wuyan hannuna ta riƙe, har Salam ta kau da kai.

Doka ta hana in koma gidan, ban koma ba. Amma an soke care home. A shekarun da suka biyo baya, in aiki ya bi da ni Dagenham nakan sauka tasha ɗaya kafin tawa, in bi ta layin da ƙafa. Tana nan a tagarta. Ba na tsayawa, hannu kawai nake ɗagawa, ita ma ta ɗaga na hagu. Na yi abubuwa a ƙasar nan da mutane ke yaba min, yanzu ma ni ke koya wa sababbi aiki a wani wurin, amma babu wanda nake ji da shi kamar wannan takardar gargaɗi. Tana cikin akwatina tare da takardar haihuwarki.

Keti ba ta ƙara nemana ba sai bayan shekara biyu da wani abu. Da hantsi ne, kina goye a bayana ina wanke-wanke, baƙuwar lamba ta shigo. Ta faɗi sunanta, sannan ta ce,

"Mama ta rasu jiya. Na ga ya kamata ki sani. A gida ta rasu, a kan kujerarta, bayan ta karya."

Na kashe famfo. Na nemi abin da ake faɗa da Turanci a irin wannan lokaci, ban samu ba.

"Kulu, kina ji na?"

"Ina ji. Ta cinye?"

"Ta bar ɓawon gefe ɗaya."

"To wannan karon kam ba laifina ba ne."

Sai na ji ta fashe da dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na zauna a ƙasan kicin da ke a bayana. Mun fi minti goma a haka, babu wadda ta kashe waya.